Kwalba ta Takwas Ba Ta Ƙamshi

Lahadi, 7 ga Oktoba

Allah ya ƙara wa shugabanninmu basira. Sun gina sabon bene mai hawa biyar, gilashi tun daga ƙasa har sama, sun kwashe kowa da komai sun kai can, har tukunyar fulawar sakatariya, sannan suka duba cancantata suka ga ni kaɗai na isa in riƙe tsohon ɗakin gwaji na ƙarƙashin ƙasa. Wannan karamci ne. Shekara ashirin da takwas ina wanke musu kwalabe, ga sakamako: ɗaki guda nawa ni kaɗai, famfo uku, injin girgiza wanda ya ƙi shiga lif, da kyankyasai waɗanda ba sa musu da ni. A kasuwar Hamzawi, lokacin da nake tsare shagon turaren babana, in aka yi wa mutum irin wannan girma sai a ce an tura shi bayan kanta. A nan sunan abin amana.

Ba wanda ya sauko yau.

Talata, 9 ga Oktoba

An sauko. Dakta Dimyana Fahim, ɗalibar Dakta Wagdi, mai neman digiri na biyu (a nan duk wanda ya karanta haɗa magani Dakta ake ce masa). Siririya, ƙatuwar jaka a kafaɗa, ɗan zanen gicciye a wuyan hannu. Daga Banha take zuwa kullum a jirgin ƙasa, ta bar 'yarta wurin uwarta. Tsohon injin girgiza take so, don na sama ya cika sabunta, har yanzu ba a ba kowa izinin taɓa shi ba.

Rajistarta za ta ƙare ran 29 ga Nuwamba. Shekara biyar cif. In ba ta miƙa kundinta ba a ranar, an share sunanta, kamar ba ta taɓa shigowa ba. Babi ɗaya ya rage mata, shi ne wannan gwajin.

Ta ajiye robobi biyu na farin gari. Ɗaya maganin ciwon gaɓoɓi ne wanda ba ya shiri da ruwa: zuba shi a kofi, ya kwanta a ƙasa kamar yashi. Ɗayan kuma wai saikulodekstirin. Na ce ta maimaita, ta maimaita, na ce ni dai zobe zan kira shi, tunda ta ce kowace ƙwayarsa sikari ne guda bakwai da suka kama hannun juna suka yi da'ira, da rami a tsakiya. Bayan zoben yana son ruwa, cikinsa ba ya so. Maganin nan mai gudun ruwa sai ya cusa kansa a ramin, zoben ya shige ruwa da shi.

Na ce, "Fasa-ƙwauri ke nan."

"Amm Sabri," in ji ta, wato Baffa Sabri, "a littafi baƙo da mai masauki ake cewa."

"Masu yi ma a kasuwa haka suke cewa."

Ta yi dariya. Rabon ɗakin nan da dariya tun kafin a kwashe kujeru.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Mun ɗora zagaye na farko. Kwalabe takwas a jere, jere uku, injin ba ya ɗaukar fiye da haka. Ta farko ruwa zalla, ta biyu da zobe kaɗan, ana ƙarawa har ta takwas mai yawa. Kowace a zuba mata magani fiye da abin da za ta iya narkarwa, a toshe da murfin roba, a bar su suna rawa cikin ruwan ɗumi kwana uku. Sannan a tace, a kai injin haske ya faɗi yawan maganin da ya shiga ruwa. In komai ya tafi daidai, ɗigo takwas za su hau takarda a miƙe kamar matakala. Dakta Wagdi yana son zagaye uku da suka yarda da juna.

Awo nata, wanki da toshewa nawa. Na ce mata, "Sati biyu kin gama, 'yata." Ta ce, "Da yardar Ubangiji."

Juma'a, 12 ga Oktoba

Bayan masallaci na biyo na duba injin. Ba wanda ya sa ni. Gidan ne, tun rasuwar matata Nawal, ba ya zaunuwa ran Juma'a. Ɗana Hisham ya bugo daga Jidda, minti huɗu, uku a ciki kan zafin rana.

Lahadi, 14 ga Oktoba

Ɗigon sun watse kamar kaji an jefa musu dutse. Ta huɗu ta fi ta shida, ta bakwai ta tashi sama, ta takwas ta faɗo. Ta ce zagayen farko dama na koyo ne.

Ta kwance ƙunshinta a kan benci: gurasa, dafaffen waken ful, yankakken tumatir, da lefet, ɗan'uwan karas da ake tsima shi a ruwan gishiri. "Bismillah, Amm Sabri." Na ce na ci. Ta ce, "Ƙarya, tun safe shayi kake zubawa a ciki." Na ci rabin gurasa don kada ta ji kunya. Na ci ɗayan rabin don kada a bar shi.

Laraba, 17 ga Oktoba

Sun sake watsewa. Mun ɗora wa wutar lantarki laifi, ta ɗauke awa biyu jiya.

Na tambaye ta ko maganin in ya shiga zoben shi ke nan ya zauna. Ta ce ina! Shiga yake yana fita ba ƙaƙƙautawa, ba abin da ya ɗaure shi, kawai dai ciki ya fi masa daɗi. Kuma zoben bai san amana ba: duk wanda girmansa ya dace da ramin, maraba. Na ce to ai ba masauki ba ne, kujerar bas ce. Ta ce za ta sa wannan a kundi in Dakta Wagdi ya tafi hutu.

Yau Laraba, azuminsu na Kirista, ba nama ba madara. Ni da nake cin ful kwana bakwai a sati, ashe na fi ta ibada ban sani ba.

Litinin, 22 ga Oktoba

Na ba ta labarin yadda babana ya sayar wa wani Bature ruwan wardi ɗaya sau biyu da suna biyu. Ta tsaya da awo tana saurare. Nawal ta ji labarin nan sau ɗari, tana ƙarasa min shi tun ina tsakiya. Na manta yadda yake a kunnen da bai sani ba.

Laraba, 24 ga Oktoba

Dakta Wagdi ya sauko, karo na farko tun ƙaura, yana taka matakala kamar za ta ɓata masa takalmi. Ya riƙe takardar da yatsa biyu.

"Wannan taurari ne ko sakamako? Matsalar a hannunki take, Dimyana. Tun zamanin kakanni ake wannan gwajin, bai taɓa gagarar kowa ba."

Ya juyo gare ni. "Amm Sabri, injin lafiya?" Na ce, "Kamar agogo, ranka ya daɗe." Ya hau. Ta wanke fuska a famfo na tsakiya, ta daɗe tana wankewa.

Laraba, 31 ga Oktoba

Zan rubuta yadda ya faru, ko don in ga kamanninsa a takarda.

Ta tafi kama jirgin la'asar, ta bar min kwalabe in wanke. Na cire murfin ta farko, mai ruwa zalla, na kai hanci, al'adar ɗan mai turare ce, ba na wanke abin da ban shinshina ba. Kanumfari. Kaɗan, can nesa, amma shi ne. Ban yi mamaki ba, na san inda ya fito. Ɗakin nan danshi gare shi, murafan roba suna fumfuna suna wari, shi ya sa nake ajiye su a gwangwani, da auduga a ƙasa wadda nake ɗiga wa man kanumfari duk wata. Haka babana yake yi wa akwatin matosansa. Shekara ashirin da takwas ba wanda ya yi ƙorafi, wasu ma yabawa suke.

Na buɗe ta huɗu, ƙamshin ya ragu. Na buɗe ta takwas, mai zobe da yawa. Babu. Ko alama. Murfi iri ɗaya, daga gwangwani ɗaya.

Na zauna. Ƙamshi ba ya ɓacewa haka kawai, sai in an rufe shi a wani abu. Na zuba ruwa a kofin shayi biyu, ɗigon man kanumfari a kowane, na ƙara cokalin garin zobe a ɗaya na kaɗa. Ɗaya yana bugun hanci, ɗaya ya yi laƙwas.

To ga shi. Robar ta sha mai shekara da shekaru. Kwana uku ruwa yana dukanta, zoben yana zare man daga jikinta yana zaunar da shi a kujerar da aka tanada wa magani. Injin haske kuma ba shi da hanci, abin da ya tare masa haske kawai yake ƙirgawa. Wasu murafan tsofaffi ne sun ƙoshi, wasu bara aka kawo su, ni kuma hannu nake sa wa in ɗebo. Shi ya sa kowane ɗigo da inda ya nufa.

Ba hannunta ba ne. Gwangwanina ne.

Gobe zan gaya mata.

Alhamis, 1 ga Nuwamba

Ta zo da mahshi, shinkafa a cikin ganyen kabeji, uwarta ce ta naɗe, wai na musamman don Amm Sabri. Ba a gaya wa mutum irin wannan magana da abincinsa a baki. Kafin mu gama ci ta riga ta auna garin. Na toshe kwalaben kamar kullum.

Sai na ƙara tabbatarwa tukuna. Mai ilimi ba ya gaggawa.

Lahadi, 4 ga Nuwamba

Ban yi ƙarya ba. Ba a tambaye ni ba.

Akwai sauran kwana ashirin da biyar. Zagaye uku kwana goma ne, na lissafa, na sake lissafawa. Lokaci yana nan. Ranar da ɗigon suka miƙe, kwana goma ta kwashe jakarta, ni kuma in koma hira da famfo.

Na rubuta wannan layin ina kallonsa. Ba zan goge ba, ba mai karantawa.

Laraba, 7 ga Nuwamba

Ta canja ruwa, ta canja abin tacewa, ta aro wani ma'auni daga sama. Tana zargin komai ban da ni. Ta ce, "Amm Sabri, da ba ka nan da tuni na haukace a ramin nan." Na ce shayi ya ƙare, na fita sayo wa. Akwai rabin kwali a durowa.

Alhamis, 8 ga Nuwamba

Ta makara, idonta ja. 'Yarta Marina tana zazzaɓi tun jiya, ta bar ta tana kuka ta biyo jirgi don kada zagayen yau ya wuce. Ba mu ci komai ba. Hannuna ya tsaya a kan gwangwanin, na daɗe. Na zaɓo sababbin murafai iya waɗanda na samu, guda tara, sauran na cika da tsofaffi. A kasuwa wannan shi ake kira rage mugunta, kuma ba a ba da lada a kai.

Lahadi, 11 ga Nuwamba

Dakta Wagdi ya kira ta sama. Ta dawo ta zauna a kan kujerata, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya ce in ran Alhamis 22 bai ga zagaye uku a miƙe ba, ba zai sa hannu ba, don sai an bar sati guda na bugawa da ɗinki. Wannan satin ban sa shi a lissafina ba. Ni da nake taƙamar ba a cuta ta a awo.

Ba ta ɗora sabon zagaye ba. Ta ce, "Na gaji. Wataƙila gaskiyarsa, hannuna ne. Shekara biyar, Amm Sabri. Marina ba ta taɓa sanina ba tare da jakar nan ba."

Ta tafi tun azahar.

Litinin, 12 ga Nuwamba

Tun a jirgin ƙarƙashin ƙasa nake shirya maganar: yau da safe na gano, Dakta, yanzun nan, ikon Allah. Na maimaita ta har ta yi santsi.

Ta zo ɗaukar littattafanta ne. Na ajiye mata kofi biyu na ce ta shinshina. Na nuna mata gwangwanin, na ɗaga audugar. Ba ta bari na kai ƙarshe ba, ta fi ni saurin ganewa. Ta dafe kai da hannu biyu tana dariya tana kuka. "Ya Budurwa Maryama! Kanumfari! Amm Sabri, hancinka ya fi injin Dakta Wagdi, kawo kanka in sumbata!"

Na buɗe tsohon kabad na ƙarshe, na fito da kwalabe masu murfin gilashi, ashirin da huɗu, a wanke, a bushe, a jere a faranti. Nan na yi kuskure, in kuskure ne. Ta dube su. Ta shafa ɗaya da yatsa, ba ƙura.

"Yaushe ka gano?"

Maganar tana bakin harshena, a shirye. Na ce, "Ran Laraba."

"Wace Laraba?"

"Ta ƙarshen Oktoba."

Ta ƙirga da yatsu, a hankali, kamar mai koya wa yaro. Kwana goma sha biyu. Zagaye uku.

"Ran da na baro Marina da zazzaɓi, ka sani?"

"Na sani."

"Me ya sa?"

Ni da na taɓa sayar wa mai mura turare. Na ce, "Ban sani ba, Dakta."

Ta ce, "Ka sani." Ta cire mayafin wuyanta ta rataye, ta sa farar riga. "Ustaz Sabri, kunna injin. Ni zan toshe." Yau ba Amm, sai laƙabin da ake kiran baƙo da shi a ofis.

Ustaz.

Alhamis, 15 ga Nuwamba

Sun miƙe. Ɗigo takwas, ɗaya bisa ɗaya, ka ɗora ma'auni a kai ba wanda ya leƙo. Ta kalli takardar ta yi alamar gicciye. Ba ta nuna min ba, daga bayan kafaɗarta na gani. Ta ɗora na biyu nan take. A sama take cin abinci yanzu.

Juma'a, 16 ga Nuwamba

Wuta ta ɗauke da hantsi. Na roƙi mai gadi ya tayar da ƙaramin janareta, ya ce ba shi da izini, na zauna da shi na yi masa magana irin ta Hamzawi har ya ga izinin a aljihunsa. Minti ashirin injin ya tsaya. Na rubuta a takarda na ajiye mata, da lokacin tsayawa da na tashi. Yanzu komai rubutawa nake.

Lahadi, 18 ga Nuwamba

Na biyu ya bi sawun na farko. Kalmominta gare ni yau: "Ina kwana." "Abin tacewa." "Sai Laraba."

Laraba, 21 ga Nuwamba

Na uku ma. Dakta Wagdi ya sauko da kansa, fuska a sake. Ta gaya masa murafan roba ne suke sakin wani abu a ruwa, zoben yana kamawa. Ba ta ce kanumfari ba, ba ta ce gwangwani ba, ba ta dube ni ba. Ya ce, "Dama na yi zargin haka tun farko. Ki ƙara shafi guda a kai, masu jarrabawa suna son irin wannan." Ya dafa kafaɗata. "Ka gani, Amm Sabri? Ilimi haƙuri ne." Na ce, "Mun shaida, ranka ya daɗe."

Ta wanke kwalabenta da kanta, duk ashirin da huɗun, ta kife su. A bakin matakala ta tsaya, na ɗauka za ta juyo. Igiyar jaka take gyarawa.

Alhamis, 29 ga Nuwamba

Ta miƙa kundin da ƙarfe sha ɗaya. Wurin mai gadi na ji.

Lahadi, 9 ga Disamba

An turo wata sabuwa, Dakta Shaima, za ta gwada zobe da wani maganin. Ban ba ta kujera ba ma. A tsaye na zayyana mata komai: murfin gilashi kawai, ta toshe da hannunta, ta tace tun ruwan bai huce ba, ranakun da wuta take ɗaukewa, sunan mai gadi da irin shayin da yake so. Na rubuta a kwali na manna a bango don kada ta buƙaci tambayata. Ta ce, "Amm, a haka ai sati biyu na gama." Na ce, "Kwana goma, in kin yi da gaske." Ba wani abu ba ne, surutun ɗalibai ne ya ishe ni.

Da rana sakatariya ta aiko da ambulan, ba wasiƙa a ciki, sai hoton shafi ɗaya na kundin Dimyana, shafin godiya. Ubangiji, Dakta Wagdi layi biyar, uwarta, mijinta, Marina. Can ƙasa: "Da Sabri Abul-Ainain na ɗakin gwaji na ƙasa, wanda ya gano abin da ya hana sakamakon miƙewa." Ba Amm, ba Ustaz. Na karanta, na sa a durowa, na fito da shi na sake karantawa.

Yafewa ke nan, ko kuwa haka masu ilimi suke rubutu, a faɗi abin da aka gano a bar ranar da aka gano shi?